Kamfani Huɗu A Allon Talla, Ɗaya Tak A Cikin Ɗakina

Yau maganar intanet ɗin gida nake tafe da ita, kuma duk wanda yake da rauta a falonsa, ko yake tara kuɗin saye, ya ɗan daure ya karanta zuwa ƙarshe.

A durowar ɗakina yanzu haka akwai rauta uku, duk sun zama kayan tarihi. Ta farko na saye ta lokacin da muka tare a unguwar nan ta bayan gari. Wata shida tana aiki kamar ba gobe. Da gidaje suka ƙaru, sai ya zama daga sallar isha'i zuwa sha biyun dare ko saƙon murya ba ya tafiya. Na koma wani kamfanin. Tasu ba ta kamawa sai na ɗaure ta da kyalle a ƙarfen taga, kuma ranar da aka yi hadari shi ke nan. Ta ukun wani yaro ne mai lema da lasifika a bakin titi ya sayar min, yana ta rantsuwa cewa datarsu ba ta da iyaka. Kwana goma sha ɗaya na yi ina jin daɗi, a na sha biyu gudunta ya koma na hawainiya. Da na kira su, wata ta ce min ai akwai ƙa'ida, in ka ci giga kaza ana rage maka gudu har wata ya ƙare. Na ce a ina aka rubuta? Ta ce yana cikin sharuɗɗa. Sharuɗɗan da ko yaron mai lemar bai taɓa karantawa ba.

Abin haushin, kowace rauta layin kamfaninta kaɗai take karɓa. Ka biya kuɗinka cas, kaya ya zama naka, amma an kulle shi. In za ka sauya sheƙa sai ka sake sayen sabuwa. Uwargida tana sayar da atamfa da leshi ta WhatsApp, sai ta ɗauki bidiyon kaya ta tura wa mai saye a Jos, kafin ya gama tafiya matar ta riga ta saya a wani wurin. Wannan asarar ba wanda zai biya mu.

Na san wani zai ce mutane na fama da abin sawa a bakin salati, kai kana maganar intanet. To ɗan'uwa, rijistar JAMB da me ake yin ta? Mai POS na bakin layinku da me yake cin abinci? Neman aiki, neman gurbin karatu, tura kuɗi, ɗora fim a YouTube, tallar kayan Kwari a TikTok, duk ta kan hanya ɗaya suke bi. Yaron da gidansu ke da intanet mai ƙarfi yana koyon sana'a da daddare kyauta, shi kuwa namu yana tsaye a kan katanga yana ɗaga waya sama. Nan da shekara biyar za a ga bambancinsu a aljihu.

Kafin mu yi nisa, mu tuna cewa mun taɓa ganin amfanin gasa da idonmu a ƙasar nan. Kafin 2001, NITEL ce ke riƙe da kusan duk kasuwar, kuma layukan waya a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM, kowane ɗaya dala miliyan 285. A watan Agustan shekarar Econet da MTN suka fara aiki. Waɗanda suka yi wayo a lokacin za su tuna layi kawai sai ka ajiye dubban nairori, kira kuma Naira 50 a minti ɗaya. In ka yi minti ɗaya da daƙiƙa biyu, kuɗin minti biyu za a cire. Shi ya sa muka ƙware a filashin, muka kuma riƙa bin layi a wurin masu lema. Mutane suka yi ta roƙo a riƙa caji da daƙiƙa, aka ce musu abin ba zai yiwu ba tukuna, sai nan da wasu shekaru.

Sai Glo ta shigo a watan Agustan 2003 da cajin daƙiƙa tun ranar farko. Abin da aka ce sai an shekara da shekaru, cikin ɗan lokaci kaɗan sauran suka yi shi. Farashin layi ya yi ta faɗuwa har ya kai ana bin ka da shi kusan kyauta. Etisalat ta zo a 2008 ta ƙara zafafa kasuwar. A watan Afrilun 2013 aka ba da damar mutum ya koma wani kamfani da lambarsa. Duk wannan sauƙin, babu gwamnan da ya je ya durƙusa ya roƙa mana shi. Tsoron kada kwastoma ya gudu ne ya kawo shi.

Yanzu ina wannan tsoron yake? Ku duba alƙaluman NCC. MTN ita kaɗai tana riƙe da fiye da rabin layukan ƙasar nan. Airtel tana da kusan kashi ɗaya cikin uku. Glo ta sauko zuwa kashi goma da ɗoriya cikin ɗari. 9mobile, wadda ta koma T2, ko kashi uku ba ta kai ba, har sai da ta ƙulla yarjejeniya a 2025 ta riƙa hawa ƙarfen sabis na MTN. Starcomms da Multi-Links da muka sani da modem ɗinsu sun mutu, Visafone kuwa MTN ta saye ta a 2016. A takarda kamfani huɗu ne manya. A aikace biyu ne ke jan ragama, kuma a unguwanni da yawa ɗaya ne tak a cikinsu ke shiga ɗaki.

Da NCC ta amince da ƙarin kuɗi na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, kowa ya ga yadda ta kasance. Kamfanonin kashi 100 suka nema, aka ba su rabi, kuma kusan lokaci ɗaya duk suka ɗaga. Har an ga wani tsarin MTN na giga 15 na mako ya tashi daga Naira 2,000 zuwa 6,000, sai da aka yi ca kafin suka fito suka ba da haƙuri. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta yi barazana, aka zauna, aka tashi, ƙarin ya tabbata.

Zan yi musu adalci fa, don ba na son a ce na zo da son zuciya. Sun shekara fiye da goma ba a ba su izinin ƙarin farashi ba. Dala da take ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024, kuma kusan duk kayan aikinsu daga waje ake shigo da su. Ƙarafan sabis ɗin nan da kuke gani, mafi yawa da janareta suke kwana suna shan gas, saboda wutar lantarkinmu kun san halinta. MTN da kanta ta bayyana asarar kusan Naira biliyan 400 a 2024. Don haka ƙarin yana da dalili. Damuwata ita ce, in farashi ya tashi kuma aiki bai gyaru ba, me ke hannun mai saye? A kasuwar Dawanau in mai masara ya tsawwala maka, taku biyar za ka yi ka samu wani. A intanet ɗin gida, sai ka yi fushi ka zagi kamfani a Facebook, da datarsu, sannan ka sake saye a wurinsu.

A nan ne ya kamata mu gane bambancin waya da gida. A waya kana da layi biyu, in wannan ya ƙi ka juya wancan. Intanet ɗin gida kuwa hanya uku ce. Akwai rautar da ke jawo sabis daga ƙarfe, ko 4G ko 5G. Akwai igiyar fayiba da ake jawowa ta ƙarƙashin ƙasa ko kan turaku har cikin falo. Sai ta tauraron ɗan'adam.

Ta farkon ita ce a hannun mafi yawanmu, kuma tana kama da famfon unguwa guda ɗaya. Da asuba in kai kaɗai ne, nan da nan jarkarka ta cika. Da yamma in kowa ya fito da bokiti, sai ɗigo. Abin da ya sami rautata ta farko ke nan: ƙarfen bai lalace ba, mutane ne suka yi masa yawa, kamfani kuma bai ga dalilin kashe kuɗi ya ƙara wani ba tunda ba inda za mu je. Ita 5G da aka yi ta yi mana kirari, MTN da Mafab sun sayi lasisinta a Disambar 2021 kan dala miliyan 273.6 kowanne, Airtel ta biyo baya, amma har yau a tsakiyar manyan birane take, kuma zangonta gajere ne. Ka matsa bayan gari kaɗan sai rautar ta koma 4G, alhali kuɗin 5G ka biya.

Fayiba kuwa kamar a jawo maka bututun ruwa ne har gida. Ba ruwanta da hadari, gudunta ba ya faɗuwa don maƙwabci ya kunna ƙwallo, kuma a nan ne kalmar "ba iyaka" take zama gaskiya. A wasu unguwannin Legas da Abuja, mutum zai zauna ya gwada farashin ipNX da FiberOne da FibreX ta MTN, ko ya ɗauki rautar Spectranet, ya zaɓi wanda ya yi masa. In ɗaya ya yi wasa, wata mai zuwa ya kira ɗayan. Mu a nan, in ma fayibar ta iso gari, ta bankuna ce da ofisoshi da unguwannin masu hannu da shuni. Talaka da matsakaicin ma'aikaci sai dai su ga ana haƙa rami ana wucewa da ita ta ƙofar gidansu.

Me ya sa? Dalili na farko shi ne taswira. Intanet ɗin da muke amfani da shi ta ƙarƙashin teku yake zuwa, kuma kusan duk igiyoyin a Legas suke sauka: SAT-3, MainOne da Glo-1 da suka zo a 2010, WACS, ACE, sai Equiano ta Google a 2022. Ta 2Africa ce ta ƙara da sauka a Akwa Ibom. Ranar 14 ga Maris 2024 da huɗu daga cikinsu suka katse a tekun yankin Kodebuwa, kowa ya ji a jikinsa, har bankuna suka tsaya cak. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita dubu ne, kuma masu harkar sun daɗe suna kukan cewa ɗauko intanet daga Legas zuwa cikin ƙasa ya fi kawo shi daga Landan zuwa Legas tsada.

Dalili na biyu kuwa namu ne, na cikin gida, kuma shi na fi so mu tsaya a kai. Duk kamfanin da zai binne igiya a gefen titi sai ya biya gwamnatin jiha kuɗin izinin hanya, kuma da mita ake lissafawa. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince a tsaya a Naira 145 kowace mita. Jihohi da yawa suka yi kunnen uwar shegu, wasu suna karɓar dubbai. Ku yi lissafin da kanku. A Naira 145, kilomita ɗaya Naira 145,000 ne. A Naira 4,500, wanda shi ne Jihar Ekiti take karɓa kafin ta sauko a 2020, kilomita ɗaya Naira miliyan huɗu da rabi ne. Ba a sayi igiya ba, ba a biya masu haƙa ba, ba a sayi ko inji ɗaya ba. A 2020 ɗin, lokacin Farfesa Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, aka sake matsa wa gwamnoni lamba. Jihar Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya, Katsina ta koma 145, wasu jihohin suka biyo baya daga baya.

Amma yafewa a takardar gwamna daban, abin da ke faruwa a bakin rami daban. Ma'aikatar ayyuka tana da nata kuɗin, hukumar tsara birane tana da nata, ƙaramar hukuma ta turo masu rasit, sannan samarin unguwa su zo su ce ba a haƙa musu ƙasa sai an sallame su. Wannan na ƙarshen mu ne fa, ba wasu ba. Babban kamfani zai iya jure duk wannan, ya zuba kuɗin a kan kwastoma. Ƙaramin da zai zo ya yi gasa da shi ne ba zai iya ba. Ashe duk jami'in da ya tsawwala kuɗin izinin hanya, ko ya sani ko bai sani ba, gadin kasuwar manyan yake yi musu.

Sai kuma masu kwangilar titi da magudanar ruwa. Katafila ta zo ta tsinke igiya, rabin gari ya kwana babu sabis, ɗan kwangila ya kaɗe rigarsa ya tafi. Ga ɓarayin batura da janareta a gindin ƙarfe. A 2024 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan umarnin da ya sanya kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da lalata su babban laifi ne. Umarnin yana da kyau, sai dai har yanzu ina jiran ranar da zan ji ɗan kwangilar da aka tilasta wa biyan igiyar da ya tsinke a jiharmu.

An taɓa yin dabara mai kyau. NCC ta ba wasu kamfanoni lasisi, ɗaya a kowace shiyya da kuma Legas, su shimfiɗa fayiba su riƙa ba kowa haya a farashi ɗaya. Tallafin da aka tsara ba su bai fito yadda aka yi alkawari ba, shirin ya yi ta jan ƙafa. Tsarin ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya ce za a kai kashi 70 cikin ɗari na masu intanet mai sauri, da gudun mega 25 a birni da 10 a karkara, giga ɗaya kuma kada ya wuce Naira 390. Wa'adin ya cika muna wajen kashi 50, kuma kusan duk wannan lissafin na wayar hannu ne. Yanzu ministan sadarwa Bosun Tijani yana maganar shimfiɗa kilomita 90,000 na fayiba. Ina fatan a yi. Tambayar da ya kamata wakilanmu su riƙa yi tun yanzu ita ce, kilomita nawa ne zai biyo ta Arewa, ta waɗanne ƙananan hukumomi, kuma in an gama wa zai riƙe makullin? In ƙaramin kamfani a Gusau ko Azare zai hau igiyar a farashin da babba zai hau, to an yi aiki. In kuwa aka damƙa ta ga masu ƙarfin da ma, mun ƙara musu tsawon bulala ne kawai.

Ga dalilin da ya sa nake nanata ƙananan kamfanoni. NCC ta ba kamfanonin intanet fiye da 200 lasisi, amma in ka tara kwastomominsu gaba ɗaya 'yan dubu ɗaruruwa ne, alhali masu hawa intanet ta layukan waya sun haura miliyan 100. Da yawansu ma lasisin kawai ke gare su, sun rufe shago. Matsalarsu ɗaya ce: a wurin babban kamfani suke sarin intanet, shi kuma babban yana sayarwa ɗaiɗai a unguwar da suke. Kamar ɗan tireda ne da yake sari a wurin dila a kasuwar Singa, sai dilan ya zo ya buɗe shago a jikin nasa yana sayarwa ƙasa da farashin da ya ba shi. Kwana nawa zai yi? Muna da matasa masu difloma da digiri a fannin kwamfuta da lantarki da za su iya haɗa unguwa guda da intanet, su riƙa zuwa gyara cikin awa ɗaya saboda a nan suke kwana. Abin da ya hana su shi ne farashin sari da kuɗin rami.

Wasu ƙasashen sun gano bakin zaren. A Ingila, hukumar Ofcom ta tilasta wa BT, wato NITEL ɗinsu, ta ware sashen igiyoyinta a 2006 aka kira shi Openreach, aka ce dole ya ba kowane kamfani haya daidai wa daida. Wanda ya fi burge ni shi ne na Afirka ta Kudu. A 2014 mazauna wata unguwa a Johannesburg mai suna Parkhurst suka gaji da jira, ƙungiyar unguwar ta nemi kamfanoni su kawo tayi, suka zaɓi wani ƙaramin kamfani, Vumatel, ya shimfiɗa musu fayiba. Tsarin shi ne mai igiya daban, masu sayar da intanet a kanta daban. Rami ɗaya, igiya ɗaya, amma kamfanoni da yawa suna kokawar samun ka. In ka gaji da ɗaya ba a sake fasa maka bango. Gaskiya unguwar masu kuɗi ce, ba na musu. Amma daga baya tsarin ya bazu har unguwannin talakawa, kuma dabarar ba ta da alaƙa da launin fata ko yawan dukiya.

Na san tun ɗazu wasu na cewa ai Starlink ta zo ta raba gardama. Ta zo ɗin, kuma Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta fara aiki, a watan Janairun 2023. Cikin ƙasa da shekara biyu ta zama ta biyu a yawan kwastomomi cikin kamfanonin intanet zalla, bayan Spectranet. Wannan kaɗai ya isa ya nuna irin ƙishirwar da ake ciki. Ga asibitin ƙauye ko makarantar da fayiba ba za ta je ba ko nan da shekara goma, babu kamarta. Sai dai mu duba kuɗin. A watan Oktoban 2024 ta sanar da ɗaga kuɗin wata daga Naira 38,000 zuwa 75,000. NCC ta ce ba a nemi izininta ba, aka dakatar, daga baya a 2025 farashin ya zauna a 57,000. Na'urar kanta ta kai Naira 590,000. Mafi ƙarancin albashi kuwa 70,000 ne. Wane malamin firamare ne zai iya? Kuma a ƙarshen 2024 sai da ta daina karɓar sababbin kwastomomi a Legas da Abuja na tsawon watanni saboda wurin ya cika, ashe sama ma famfonta yana da iyaka. Ƙari a kan haka, kamfani ne da ragamarsa ke hannun mutum ɗaya da ke zaune a Amurka, farashinsa yana bin dala. Ina murna da zuwanta don ta tsorata na gida, amma ba zan so mu fita daga hannun kamfani biyu mu faɗa hannun mutum ɗaya ba.

To me ya kamata a yi? Abu mafi sauƙi, wanda ba ya buƙatar ko sisin gwamnati, shi ne maganar kulle rauta. In kamfani ya ba ka ita da rangwame, ya kulle ta wata shida ko shekara ya fanshe kuɗinsa, babu laifi. Bayan nan dole a buɗe. Yadda aka ba mu damar tafiya da lambarmu a 2013, haka ya kamata mu tafi da rautarmu. Haka kuma duk tallar da ta ce "ba iyaka", a tilasta rubuta adadin gigar da za a rage gudu a kai, da girman rubutun da aka rubuta farashin, kuma da Hausa in a Arewa ake tallar. Wanda ya biya kuɗin wata sabis ya ɗauke kwana huɗu, a mayar masa da kwana huɗunsa ba sai ya roƙa ba. Waɗannan aikin NCC ne da FCCPC, hukumar kare haƙƙin masu saye da tabbatar da gasa, kuma dokokin da suka kafa su sun ba su ƙarfin yi.

Na jiha kuwa ya fi kusa da mu. Duk sabon titin da za a yi a birni, a binne bututun da babu komai a ciki a gefensa tun kafin a zuba kwalta, jiha ta riƙa ba da hayarsa da arha ga duk mai son zura igiya. Kuɗinsa kaɗan ne in aka kwatanta da kuɗin titin, kuma zai hana a zo a farfasa kwaltar bayan wata uku kamar yadda muke gani. Sannan kuɗin izinin hanya ya zama doka ta majalisar jiha, ofishi ɗaya, rasit ɗaya, domin sanarwar gwamna tana iya tafiya tare da gwamnan. Ku da kuke da lambar ɗan majalisarku, kuke zama da kansila da ciyaman, ku tambaye su nawa jiharmu take karɓa a kan mita ɗaya. Na gwada da mutum uku, ko ɗaya bai san ana biyan wani abu makamancin haka ba.

Mu ma masu saye muna da namu sakacin. Muna sayen rauta don kyan kwali ko don abokinmu na wata unguwa ya yaba, alhali sabis na layi ɗaya ma yana bambanta daga gida zuwa gida. Kafin ka biya, ari ta maƙwabci, ka kunna a ɗakin da za ka ajiye ta, kuma da ƙarfe tara na dare, ba da hantsi ba. In da hali ka ƙara kuɗi ka sayi wadda ke karɓar kowane layi, ana samu a Farm Centre da sauran kasuwannin waya. Tsadarta ta rana ɗaya ce. Kada ka fara da tsarin wata uku don an yi maka ragi, fara da na mako. In an cuce ka, ka kai ƙara wurin kamfanin ka karɓi lambar ƙorafi, in ba su gyara ba ka kira 622, layin NCC ne kuma kyauta ne. Na san za ku ce ba abin da za a yi. Wataƙila. Amma hukuma da alƙaluma take aiki, kuma in ƙorafin Legas dubu ne namu goma, a takarda mu ne muka fi kowa jin daɗin sabis.

Mu dai a layinmu mun fara gwada dabarar mutanen Parkhurst daidai ƙarfinmu. Mun zaga gida gida da takarda, duk mai son fayiba kuma zai iya biyan kuɗin wata ya rubuta suna. Mun je wurin mai unguwa, ya yi alkawarin babu yaron da zai tare masu haƙa ya ce a sallame shi. Zuwa daren jiya gida 34 ne suka sa hannu, har da mai kemis da makarantar Islamiyya. Ranar Litinin za mu kai kwafin takardar ofishin kamfani biyu, kuma za mu gaya wa kowanne cewa mun kai wa ɗayan. Duk amsar da suka bayar zan kawo muku ita a nan. Rauta ukun nan kuwa, wanda layinsu ke kamawa a unguwarsu ya yi min magana ya zo ya ɗauka.